Kwalayen da Na Ƙi Watsawa

Shekarar da En'e, hukumar gargajiya, ta kama ni boko aka kai ni Gashuwa, malaminmu yana da wani wasa na ranar Alhamis. Sai ya ɗauko jimla ɗaya daga tsohon wasan kwaikwayon da ake yi duk ƙarshen shekara, ya rubuta kowane harafi a guntun kwalin sabulu, ya zube mana a tabarma. Mu kuma mu sake jera su, mu fitar da wata magana daban, kada harafi ko ɗaya ya rage.

Ni ɗan masunta ne daga Dagona, Hausata ba ta nuna ba, in na buɗe baki sai aji ya kwashe da dariya. Ran nan ina ta juya kwalayen, sai ga su sun ba da maganar da Innata take kirana cin tuwo da ita, da Badanci, yarenmu.

Malam ya leƙo ya ce, "Mene ne wannan?"

Na gaya masa.

Ya ce, "Wannan ba magana ba ce. Watsa su!"

Na kifa tafina a kansu. "Malam, cewa ka yi kada harafi ya rage. Bai rage ba."

Sau uku ya sauke mini rula a bayan hannu. Ban ɗaga ba har aka kaɗa ƙararrawa.

Jimlar wasan nan tuni na manta ta. Maganar Inna kuwa, da ita nake kiran jikokina cin tuwo, kuma da gudu suke zuwa.