Takalmi a Ƙofar Malama Ummu

"Damuwa?" Baba ya tuntsire da dariya har ya yar da fartanya. "Luba, ke da ba kya noma, ba kya surfe? Ƙoshi ne ke damun ki!"

Na yi da-na-sanin gaya masa ina zuwa wurin Malama Ummu, mai ba ɗalibai shawara a jami'armu.

"Wato har albashi ake ba ta don ta saurari kukan sangartattu? Sai na je na ga marar aikin yin nan!"

Ya kuwa hau mota daga Minjibir ya je. Da ya dawo, "Shirme!" kawai ya ce.

Bayan hutu na koma ofishinta, sakatare ya tare ni. "Jira, da mutum a ciki. Kowane mako sai dattijon nan ya cinye lokacin ɗalibai."

Na jiyo shessheƙar namiji yana ambaton marigayiya Innata. A bakin ƙofa ga takalmin Baba, da ƙurar gonarmu.

Da ya fito yana share ido, na durƙusa na gaishe shi.

"Baba, ya ƙoshin?"