Kibiya ta Biyu

Likitar ta turo farin allo har tsakiyar ɗakin masu taɓin hankali, ɗalibai tara suka kewaye ta. Shugaban sashe ya tsaya bakin ƙofa da takarda a hannu. Da darasin yau zai yanke ko za a ba ta kujerar koyarwa, bayan shekara uku tana aikin wucin gadi.

Da hannun hagu ta zana ƙwayar halitta ta ƙwaƙwalwa. Ta bayyana cewa wani sinadari mai suna dofamin yakan zo bakin ƙwayar da saƙo, wata ƙofa ta karɓa, a yi ta miƙa shi ciki hannu zuwa hannu. Idan miƙawar ta rikice, mutum na iya jin muryar da babu mai ita, ko ya rantse a kan abin da bai faru ba. A irin wannan zane, kibiya na nufin kunnawa, layi mai tosasshen kai na nufin kashewa.

Daga nan suka matsa gado na shida, inda wani dattijo mai tabarau yake zaune. Kowa a ɗakin Baba yake ce masa, daga ma'aikatan jinya har masu shara. Ita kaɗai take cewa "mara lafiyan nan". Ko fayil ɗinsa ba ta buɗe ba ta jero tarihinsa: shekara goma sha takwas da fara ciwon, kwanciya ta biyar, ya daina shan magani ne don yana sa hannunsa rawa.

"Likita," in ji dattijon, a hankali, kamar wanda aka biya wa kalmar ya haddace. "Duba kibiyarki ta biyu. Wannan ƙofar kashewa take yi."

Ta waiwaya. Ta dubi allon. Kibiya ta zana inda ya kamata ta ja tosasshen layi. Ɗaliban ba su lura ba, shugaban kuma rubutu yake yi. Ta ja baya kaɗan ta tare allon da jikinta.

"To fa, Baba ya zama farfesa!" in ji wani ɗalibi.

"Baba, yaushe za ka ba mu jarrabawa?" in ji wata, aka fashe da dariya.

"Ga misali nan a gabanku," in ji likitar. "Masu wannan ciwo sukan ɗauki kansu masana. Ku rubuta."

Suka rubuta. Shugaban ya gyaɗa kai. Dattijon ya cire tabarau ya shiga gogewa da bakin rigarsa, ya daɗe yana gogewa. Ta kawar da kai tun kafin ya gama.

Da rana shugaban ya kira ta ofis ya taya ta murna, ya yaba da yadda ta mayar da katsalandan ɗin mara lafiya darasi. Ta yi godiya idonta a ƙasa.

Da ta koma ɗaukar allon, ta tarar an goge kibiyar. A wurinta akwai tosasshen layi, karkatacce saboda rawar hannu, tawadar ta shafe ta gefe yadda takan yi wa bahago.

"Ban faɗa wa kowa komai ba, yadda kika roƙe ni," in ji dattijon ƙasa-ƙasa. "Amma yaran nan wata rana magani za su rubuta wa mutane. Ki gyara musu gobe."

Ta kasa ɗaga ido. Da wannan hannun na hagu mahaifin nata ya fara zana mata layin a bayan takardar jarrabawar ɗalibansa, a kan teburin gidansu, ranar da ta ce masa, "Baba, ni ma likita zan zama."