Mangwaron da Aka Fille wa Kai

Gwamnatin jiha ta ware tallafi ga ƙungiyoyin sa-kai masu tura manya zuwa makarantu, su zauna da yaran da suka fara ja da baya, su ja su a jiki, su ji damuwarsu. Isyaku yana cikin kwamitin rabon tallafin. Shi ne ya kawo shawarar a riƙa ɗauke tallafin kowace shekara daga makarantun da suka samu, a kai wa waɗansu, don kowa ya ɗanɗana. An gwada bana, mako mai zuwa kuma za a zauna a tabbatar da tsarin. Ya zo gaida gwaggonsa, wadda ta tsufa a aikin koyarwa, yana ba ta labarin cikin fara'a. Ta bari ya gama, sannan ta ce, "Ajiye wayar nan, Isyaku, in ba ka misali."

Wani mai lambu yana da dashen mangwaro layi-layi, irin na gida mai zare, sai ya so ya mayar da su 'yan aure. Ya kira mai yi wa itace aure. Aikin kuwa ba na wasa ba ne: sai an fille kan dashen, a tsaga shi, a cusa reshen babbar bishiya mai daɗin 'ya'ya, a ɗaure tam. Daga ranar, dashen ba shi da ganye ko ɗaya nasa na kansa. Rayuwarsa ta koma ga ruwan da za a ba shi safe da yamma, da zanar da za a kafa masa ta tare rana, har raunin ya haɗe. Rijiyar lambun kuwa, da rani, layi ɗaya kawai take iya ƙosarwa. Waɗanda ba a taɓa ba suna jure ƙishi, don babu rauni a jikinsu. Aka yi wa layin farko aure. Tohon ya fara kumbura bai kai ga buɗewa ba, sai mai lambu ya zagayo da baƙinsa. Ya ga layi ɗaya a jiƙe, sauran a bushe, ya ce wannan ba adalci ba ne, ai duk dashensa ne. Ya sa aka tuge zana, aka juya ruwa zuwa layi na biyu, ya ce su ma a fille musu kai. Mai aikin ya san abin da zai biyo baya. Har ya buɗe baki, sai ya tuna a kan kan da ya yanke ake biyansa, ba a kan wanda ya rayu ba. Ya rufe bakinsa, ya wasa wuƙa.

Haka ruwan ya yi ta tafiya daga layi zuwa layi, wuƙa na gaba, fari na biye. Kafin damina ta faɗi an bi kusan duk lambun, kuma a majalisa ba a maganar kowa sai mai lambu, mutumin da bai nuna wa dashensa bambanci ba. Da ruwan sama ya zo, bai tarar da abin rayawa ba: sanduna ne a tsaye, baƙaƙe, kowanne da tsumman ɗaurinsa yana kaɗawa. Kaɗan suka sake toho ta gindi, a karkace, su ma irin na da mai zare, sai dai yanzu an mayar da su baya. A lungu ɗaya kusa da shinge, inda wuƙa ba ta kai ba, dashen ya wuce tsayin mutum. Ba zai taɓa yin 'ya'yan kai wa kasuwa ba, amma yana raye. Mai lambu ya dubi sandunan ya ce tun asali irin ne ba shi da kyau. Mai wuƙa ya ce haka ne, ranka ya daɗe. Babu wanda ya rasa mutunci, babu wanda ya rasa ladan aikinsa. Itacen ne kawai ya mutu, aka kuma ɗora masa laifi.

Isyaku ya yi 'yar dariya. "Haba Gwaggo, ai yara ba itace ba ne."

"Gaskiyarka, yallaɓai," in ji ta. "Itace ba ya zuwa ya tsaya a ƙofar aji yana jiran mutum. Ka san Laure, 'yar maƙwabtanmu? Matar da kuka tura makarantarsu sai da ta yi wata da watanni tana lallashi kafin yarinyar ta faɗa mata abin da ke ci mata rai a gida. Ta faɗa, shekara ta ƙare, kuka kai matar wata makaranta. Kafin ku zo Laure tana da shirunta, tana lallaɓa rayuwa da shi. Kun fille shi, kun tafi da ruwan. Yanzu ko ni na gaishe ta, ƙasa take kallo, kuma na ji an fara cewa dama yarinyar ba ta jin magana."

Ta ci gaba da cewa:

"In kun zauna, ka gaya musu: ko ku bar ruwan inda kuka yi yanka har ya haɗe, ko ku mayar da wuƙarku kube. Da muguwar rawa gara ƙin tashi."