Hannun da Ya Manta Hanyar Baki

Sallau ba ya nan. Kwanon da yake ci a ciki yana kife a gindin randa, har yau an rasa mai ƙarfin zuciyar ɗauka. Ranar sadakar bakwai kika ce mini, Lantana, an ba ki aikin zagaya gidajen da ake kula da yara irinsa, waɗanda jiki ya girma amma fahimta ta tsaya a baya, ki gano inda ake riƙe amana. Kika ce, "Kawu, me zan duba?" Ni ban yi karatu mai zurfi ba, 'yata. Misali ɗaya nake da shi, ga shi.

Wani manomi ne matarsa ta rasu ta bar masa ɗa tilo mai irin wannan lalura. Gemu ya fara tsiro wa yaron, amma maganarsa ba ta wuce "Baba" da "ruwa" ba. Shekara da shekaru uban yana zama da shi a gaban akushi, ya kama hannunsa, ya nuna masa yadda ake gutsuro tuwo, a mulmula, a dangwali miya, a kai baki. Rabi ya zube a ƙasa, kaji su samu rabonsu. A hankali dai hannun ya gane hanya. Daga nan ya iya ɗebo ruwa da moɗa, ya iya ɗaura mazagin wandonsa. Abin da ya sa uban ya dage shi ne, ya san wata rana za a kai shi makwancinsa, kuma ba ya so ɗan nan ya zauna da yunwa alhali tuwo na gabansa.

Wata shekara damina ta yi gardama, rumbu bai cika ba, dole ya tafi cin rani. Sai ya kai yaron wani babban gida a cikin gari, gidan da kowa ke yabo da tausayi. Da ya dawo gab da shuka, ya tarar da ɗansa zaune a kan darduma, fes da shi, an shafe shi da mai, sabuwar riga tana ƙamshi, kumatu sun fito. Shi kuwa manomi kiwo ya sani. Ya shafa bayan yaron, ya matsa kafaɗarsa kamar mai taya rago a kasuwa, ya ji tsoka ta rufe ƙashi. Ya yi godiya har da hawaye, duk wanda ya gamu da shi a hanya sai ya ba shi labarin gidan nan. Suka isa gida, aka ajiye akushi a tsakaninsu, ya yi bismillah. Ya yi nisa da ci kafin ya lura yaron bai taɓa komai ba. Hannuwansa na kan cinya, ya ɗaga haɓa, ya buɗe baki, yana jira. Ashe a gidan can ba mai iya jure ganin miya a sabuwar riga, kuma ba shi a baki ya fi sauri. Su ɗaura masa wando, su kai masa ruwa har leɓe. Ba mugunta suka yi ba. Amma abin da aka yi shekaru ana tarawa, rani ɗaya ya cinye shi. Manomi ya tsame hannunsa daga akushin.

Daminar nan noma biyu ya yi, ɗaya a gona, ɗaya a gaban akushi. Loma ta dawo, moɗa ta dawo, mazagi kuwa bai ƙara dawowa ba. Da rani ya zagayo, tafiya ta sake kamawa, bai tambayi kowa gidan da ake yabo ba. Sai ya riƙa yin sallama a gidaje daidai lokacin cin abinci, ya nemi gefe ya zauna. A ƙarshen gari ya shiga gidan wata tsohuwa mai daddawa, wari tun daga zaure, tana riƙon jikanta mai irin wannan lalura. Jikan yana ta fama da tuwo, ya ɓata shi har gwiwar hannu, kaji sun kewaye shi. Tsohuwa na zaune kusa ta harɗe hannuwa, sai in kwano zai kife ta sa yatsa ta tare. Manomi ya ce, "Iya, ba za ki taimake shi ba?" Ta ce, "Taimakon ke nan nake yi, ɗan nan. Ni kwana nawa ya rage mini?" Nan ya bar ɗansa. Da ya dawo ya same shi ya ɗan rame, riga duk tabon miyar kuka. Aka kawo abinci. Yaron ya gutsura, ya mulmula, ya kai bakinsa, sa'an nan ya tura wa ubansa akushin ya ce, "Baba."

To, Lantana, in kin shiga gidajen nan kika ga fenti da gadaje da yara fes-fes, ki yi musu barka, abu ne mai kyau. Amma kada ki fito sai an kawo abinci. Ki duba hannun wa ke cikin kwano. Ki tambayi iyaye abin da yaro ya iya ranar da suka kawo shi, da abin da ya iya yau. Hausawa sun ce, ba girin-girin ba dai, ta yi mai.

Sallau da hannunsa ya ci abincinsa na ƙarshe. Ki taya ni, ke da duk wanda wannan labari ya kai gare shi, mu roƙi Allah Ya jiƙansa, Ya haɗa irinsa da ke raye da masu haƙurin jira. Amin.