Daren da Aka Kashe Fitilun Gari

Zaharaddini, Muhsina, ku matso. Tahir, bar bakin ƙofar nan ka shigo ciki. Kun sha jin labarin nan a bakin 'yan kasuwa. Yau ku ji shi ta wajen wata tsohuwa da ba wanda ya tambaya.

Bayan an gama yankan dawa, wani malamin jami'a mai suna Mudassir ya sauka a garin, daga shi sai babur da jaka guda. Ya ce duhu ya zo aunawa. Aka yi ta dariya har da riƙe ciki. Ya ce ɗan gandun dajin gwamnati da ya rage a tsakanin gonaki, arewa da Makoɗa, hasken birni da fitilun sola sun fara cinye masa dare, har tsuntsaye na ɓatan hanya. Roƙonsa ɗaya ne: daren da babu farin wata, a kashe kowace fitila a garin, daga isha'i zuwa asuba.

Dattawa suka yi ta jan ƙafa, don shanun gari a turke suke kwana a bayan gidaje. Shugaban 'yan sintiri ne ya tsaya masa. "Haba Baba, dare ɗaya ne fa. Ina nan." Da kansa ya tattara tocilolin yaransa a buhu, ya ɗaure bakin, aka kulle a ɗakin Mai Unguwa, kada wani ya manta ya kunna.

Na'urar aunawar biyu ce, kowace kamar sabulun wanki, da ido ɗaya mai kallon sama. Mudassir zai tafi daji da ɗaya. Ɗayar ya kai gidan tsohuwar nan, na ƙarshe a gari. Ba ta taɓa shiga aji ba, amma ta koya wa kanta rubutu da littattafan 'ya'yanta. Ya kife turmi a tsakar gida, ya ɗora na'urar.

"Inna, ki danna nan duk minti goma sha biyar, ki rubuta lamba da lokaci. In lamba ta hau, duhu ne. In ta faɗi, haske ne a kusa da ke. Na nesa ba ya girgiza ta haka."

"In na yi gyangyaɗi fa?"

"Sai na rubuta ke kika cinye mana taurari."

Garin ya yi baƙi ƙirin. Rabonta da ganin taurari haka tun tana amarya. Ashirin da ɗaya, ta rubuta. Ashirin da ɗaya. Ƙarfe ɗaya da kwata sai wani haske ya miƙe sama kamar sandar rake. Ta danna: sha bakwai. Ya ɗauke, ya dawo, har sau uku. Wani ya yi tari a bayan katanga. Ta rubuta, don an ce ta rubuta.

Ba a yi rabin awa ba bindiga ta tashi. 'Yan sintiri suka riƙa karo da juna a duhu. Shanu talatin da shida suka tafi. Khalilu mai gadin turke, da asuba aka tsince shi a cikin kara, an sare masa wuya da adda, hannunsa ɗaya can gefe.

Rana na fitowa Mudassir ya shigo gari yana murmushi, raɓa ta jiƙe masa wando. Bai san komai ba.

"Ga shi nan!" in ji shugaban sintiri. "Da idona na gan shi yana haska wa ɓarayin sama daga daji, sau uku!"

Mudassir ya buɗe baki zai yi magana, gorar shugaban ta sauka a kan bakin. Haƙora suka zubo a ƙasa kamar masara. Sauran suka rufe shi da sanduna da duwatsu. Wani ya karya masa gwiwa, wani ya ruga neman fetur. Shugaban ya tattake na'urar Mudassir har ta zama gari. Tsohuwar ta kutsa cikin maza ta faɗa a kansa, sanda ɗaya ta same ta a kafaɗa. Da haka motar 'yan sanda ta iske su.

Yanzu yana asibiti da ankwa a jikin gado, muƙamuƙi a ɗaure da waya, ba ya iya cewa ko a'a. Litinin za a kai shi kotu da laifin jinin Khalilu. Kowa ya manta da na'ura ta biyu, da littafin da ke nuna hasken daga gindin katangarta ya tashi, ba daga daji ba.

Kwana tara tsohuwar ba ta runtsa ba. Littafin ga shi a ƙarƙashin tabarmar nan da nake zaune. Zaharaddini, Muhsina, ku yanke mini kafin Litinin: ku za ku kai shi, ko yayanku Tahir, shugaban sintiri, zai kai kansa? Don tarin nan na bayan katanga, tun yana goye a bayana na san shi.