Tsakiyar Tafki

La'asar ta yi sanyi, ruwan tafkin ya kwanta luf. Mai kwalekwale ya ɗauko baƙuwa da mijinta zuwa otal ɗin tsallake, ya karkata hagu yadda ya saba.

"Malam, ina za ka da mu?" in ji matar. "Bi ta tsakiya, can hoto zai fi kyau."

Shi bai taɓa bin tsakiya ba. Amma manajan otal ɗin ya gargaɗe shi, in baƙo ya sake kai ƙararsa, mai jirgin inji zai gaje wurinsa. Ya juya, yana tuƙi a hankali kamar mai gudun tada masu barci.

"Ka gani? Ba komai sai ruwa," ta ce wa mijin, sannan ta dubi matuƙin. "Kai ina ne garinku?"

"Muna kansa, Hajiya. Kafin a tare kogi a yi tafkin, nan ce maƙabartarmu. Innata na ƙarƙashinmu."

Sai ta miƙo masa waya. "To ɗauke mu maza, rana za ta faɗi."

Ya ɗauke su, har ya juya kwalekwalen don haske ya same su. Ta karɓe wayarta tana duba hoton.