Salansar Malam Mahmudu

Ko sallama ban yi ba na faɗa garejin Jumare bakanike.

"Kai ne ka taɓa mashin ɗin maigidana, Malam Mahmudu?"

"Ni ne, Inna. Zaren jikin ƙusar da ke riƙe salansa a kan injin ne ya cinye, noti ba ya kamawa. Na yanka wa ƙusar sabon zare na ɗaure notin. Ya kwance ne?"

"Allah ya isa tsakanina da kai!"

'Yan acaɓa suka taru. Jumare ya rantse in dai akwai sauran ƙara, zai sake aikin kyauta.

Na ce, "Wace ƙara ka bari? Shekara da shekaru tun daga Tudun Jukun nake jin tahowarsa, in ɓoye kwano, in goge baki. Likita ya hana ni zaƙi. Jiya mutumin nan ya shigo shiru kamar ɓarawo, ya same ni da alkaki a baki, ya rabar wa jikoki duka."

Na ɗauki sifana na danƙa masa.

"Mashin ɗin yana ƙofar masallaci, Malam yana ciki. Tashi ka mayar min da shi yadda ka same shi."